Juma'ar da Haladu Ya Fito a Talabijin

Haladu ya yi shekara ashirin da ɗaya yana hawan dabino a wata gona ta Al-Awali, kudu maso gabashin Madina. Da ya rasu, mu bakwai ne muka bi gawarsa. A hanyar dawowa kowa na cewa ya dace, ƙasar Madina ta karɓe shi. Ban musa ba. Amma na san abin da ya same shi a shekarar 1997, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sunana Rilwanu, mutumin Kano ne ni, gyaran talabijin da bidiyo nake yi a shagon kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa. Haladu ya girme ni da kamar shekara goma. Daga wani ƙauye kusa da Tasawa ya fito, a Nijar, lokacin da fari ya cinye musu dabbobi. Ya iso nan a 1983, ya koma gida sau ɗaya a 1989, daga nan bai sake ba. Fasfonsa na wurin mai gona, kuma duk shekara amsar ɗaya ce: bari a gama yankan dabino. In an gama yanka sai gyaran kututture, sai lokacin ɗaura furen namiji a kan na mace, bishiya bayan bishiya, sai kuma wani yankan ya zagayo. Matarsa ta gaji da jira, ya aika mata da takardarta. Bai zage ta ba ko sau ɗaya a gabana.

Ba mai magana ba ne. In ka ba shi hannu sai ka ji kamar ka kama ɓawon itace, ƙayar dabino ta gama rubutu a kai. Yakan zo shagona ranar Juma'a bayan la'asar ya zauna a kan wata matacciyar talabijin da ke bakin ƙofa, ya ajiye min dabino a leda, ya kalli duk abin da ke kunne ba tare da ya tambayi me ake cewa ba. Ni ina ce masa mutumin Faransa, shi yana ce min ɗan Ingilishi. Yawancin hirarmu ke nan.

A gida mutum biyu suka rage masa: mahaifiyarsa, Inna Tasallah, da ƙanwarsa Zenabu, wadda ke aure a cikin garin Tasawa, ta kuma ɗauko tsohuwar ta dawo da ita kusa da ita. Haladu ɗan fari ne. Inna Tasallah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane, kuma ko a kaset ɗin da masu umra ke kawo masa ba ta magana da shi. Zenabu ce ke yin maganar, sai can a baya ka ji tarin tsohuwa, ko ka ji ta ce, ki ce wa yayanki kaza. Haladu kan mayar da kaset baya don ya sake jin wannan tarin.

A shekarar 1997 ɗin ne wani ɗan kasuwa na unguwarsu Zenabu, Alhaji Abdulsalam, ya kafa dish, farantin kamo tashoshin talabijin, a tsakar gidansa. Mu nan a lokacin an hana, masu shi ɓoye shi suke yi a bayan tankin ruwa a kan rufi. Can kuwa har daga ƙauyuka ake zuwa kallon farantin kansa. Cikin tashoshin da ya kamo har da ta Saudiyya, inda ake nuna sallar Juma'a kai tsaye, wani mako daga Makka, wani mako daga Madina. Mun riga su da awa biyu, don haka sallarmu da hantsi take iske su. Matan unguwa suka mayar da abin al'ada, kowace Juma'a sai su cika falon Hajiyar gidan kafin a ɗora tukunya.

Kaset ya iso a farkon shekara. Zenabu ta ba shi labarin dish, sannan ta ce yana ta fara rufe idon Inna, na dama ya tafi, na hagu ma likita ya ce ba zai daɗe ba. Ta ce Inna ta ce, tunda duk mutanen Madina wannan masallacin suke zuwa, ki ce wa yayanki ya tsaya inda za a gan shi.

Ranar Talata ya zo shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana duban akwatunan da ke jere.

"Ɗan Ingilishi, kai da ka san cikin abin nan, ta ina ake shiga?"

"Ta baya, da sukundireba."

Bai yi dariya ba. Ya sa min kaset ɗin na saurara. Na gaya masa gaskiya, cewa mutanen da ke sallar Juma'a a masallacin Annabi sun fi ƙarfin ƙirga, kuma kyamarar da ke sama kawuna kawai take nunawa, kamar an baza gero a tabarma. Ya ce ai ba su za ta duba ba, shi ɗaya za ta duba. Na ce masa ba haka abin yake aiki ba. Ya ci gaba da tsayuwa. Ni kuma ba na iya doguwar gardama da mutumin da ba ya mayar da magana, sai na ce ya ba ni wata biyu.

Na sa bidiyo ya riƙa naɗar min sallar kowace Juma'a kafin in rufe shago in tafi masallaci. A mako bakwai na samu huɗu na Madina. Na zauna da su ina tsayarwa ina komawa baya, ina zana ginshiƙai a bayan kwalin sigari. Abin da na gano shi ne, lokacin huɗuba akwai wata kyamara da ke bin fuskokin mutane a hankali, kuma kusan kullum tana ɗan dakatawa a gindin wani ginshiƙi da ke bakin buɗaɗɗen filin cikin masallaci. Wanda ya zauna a nan zai fito har a ga ƙiftawar idonsa. Na je da kaina na nemo ginshiƙin, na kai Haladu na sa ya dafa shi.

Saura alama, don hoton da ke isa Tasawa ba shi da kyau, kuma shekara takwas rabon da su ga fuskarsa. A nan na yi kuskuren. A duka kaset huɗun akwai wani mutum da ke zama a gindin ginshiƙin nan, baƙi, dogo, mai kaurin wuya, da farar jallabiya mai guga da jar dara a kansa. Na lura yadda jan ke fita a gilashi cikin fararen kaya, ido na zuwa sai ya faɗa kansa. Na ce wa Haladu ya nemi jar dara. Launin kawai na gani. Ban tsaya na tuna cewa akwai mutum a ƙarƙashin hular ba, kuma mako mai zuwa ma yana nan.

Ya samo darar wurin wani ɗan Damagaram. Muka je kabina, ɗakin buga waya, na danna masa lambar shagon Alhaji Abdulsalam, aka kira Zenabu, ya ce mata su dubi mai jar dara kusa da ginshiƙi.

Wakilin gona ba ya sakin ma'aikata ranar Juma'a sai an gama ban ruwa, wajen ƙarfe sha ɗaya. Gindin ginshiƙin kuwa tun ƙarfe takwas yake cika. Juma'a uku a jere Haladu ya taho da ƙafa daga Al-Awali da dararsa a aljihu, ya tarar ko ƙofa ba ta shiguwa, ya yi salla a waje cikin rana. Bayan ta ukun ya ce mu je kabina ya ba mutanen gida haƙuri, ya ce su ƙara jira.

Ina tsaye a gefensa a kabinar, kuma muryar Zenabu na fitowa har waje don murna. Ta ce sun gan shi. Ta ce Hajiya ce ta fara nunawa, ta ce ga Haladu can, mata suka yi ta guɗa har maza suka leƙo. Ta ce ya yi ƙiba, wuya ya cika, fata ta yi sheƙi, ashe haka Allah ya yi da shi yake ɓoye musu. Unguwa duk ta ɗauka, har daga ƙauyensu an zo yi wa Inna barka.

Haladu ya tambaya, "Ita fa, mi ta ce?"

"Ka san ta, Yaya. Ta kawar da kai. Amma na ga tana satar kallo ta gefen mayafi."

Ya ce alhamdu lillahi, ya ajiye wayar.

A waje na ce masa ya koma ciki yanzun nan ya gaya musu ba shi ba ne. Na ce laifina ne, in yana so ni zan yi bayanin. Ya ce a'a. Ya ce magana ba za ta gyara ba, in ya je ya zauna a wurin da kansa za su gani su gane. Na yarda da shi, don ni ma haka na ɗauki duniya.

Abin da ya yi shi ne, ranar Alhamis ya haɗa aikin kwana biyu. Lokacin ɗaura fure ne, ya hau bishiyoyin da ya kamata ya hau har da na gobe, ya roƙi wani abokin aikinsa ya riƙe masa ban ruwa. Da asuba ya taho masallaci, aka idar da salla bai fita ba. Ya je gindin ginshiƙin ya zauna. Bai ci ba, bai sha ba, don kada alwala ta tashe shi wani ya gaje wurin. Awa shida da wani abu yana zaune. Ranar kuma daga Makka aka nuna.

Wakili ya yi masa tas a gaban kowa, ya rantse in ya sake sai ya sa an mayar da shi ƙasarsu. Haladu ya ce min da ya san da gaske yake da ya gode masa. Juma'a ta zagayo ya sake.

Wannan karon ya samu. Na dawo daga masallaci na mayar da kaset baya. Kyamara ta bi sahu ta zo ta tsaya, ga mutumin nan mai kaurin wuya yana jan carbi, ga Haladu a kafaɗarsa ta hagu. Daƙiƙa shida, na ƙirga. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ganin Haladu duk mako, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Kumatu sun faɗa, gemu ya yi fari fat, wuya kamar sanda a cikin rigar da ta yi masa yawa. Darar aro ta sauko masa har kunne. Kowa na sauraron huɗuba da kai a ƙasa, shi kaɗai ya ɗaga fuska yana neman inda kyamarar take, baki a ɗan buɗe don ƙishirwa.

Da la'asar ya zo. Na kunna masa, ya ce in mayar, na mayar sau uku. Madubin da ke ɗakinsu na gona bai fi tafin hannu ba, na aski ne.

"Haka nike?"

"Haka kake."

Na yi tunanin in ce kyamara na ƙara wa mutum shekaru, amma ban saba ba, kuma da ya gane.

Washegari muka je kabina. Muryar Zenabu ba irin ta wancan karon ba ce, tana magana da sauri kamar mai karanta saƙon wani. Ta ce an sake ganinsa, mata na gaishe shi. Ta ce an yi ta dariyar wani tsoho da ya liƙe masa a kafaɗa, har da 'yar jar dararsa shi ma. Hajiya ta ce a tambaye shi, mai yi masa hidima ne ko kuwa mai neman taimako, in mai nema ne don Allah ya sallame shi da abin kirki, yunwa ta gama da bawan Allah. Haladu ya ce to, zai yi. Ya tambayi labarin Inna. Zenabu ta ce ta tashi tun ba a tayar da salla ba, ta ce idon na yi mata ciwo.

Bai sake zuwa gindin ginshiƙin ba. Ya mayar wa ɗan Damagaram hularsa. Ya koma yin Juma'a a wani ƙaramin masallaci kusa da gona, ya ce kada tsautsayi ya sa a sake nuno shi. Wancan mutumin kuwa ya ci gaba da zama a wurinsa duk mako, matan Tasawa na ci gaba da gaishe shi ta gilashi. Ba mu taɓa sanin sunansa ba. Wani ya ce min jikan mutanenmu ne da aka haifa a nan, yana da shagon turare, kuma ko an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa.

A ƙarshen shekarar mai gonar ya rasu. Babban ɗansa ya karɓi gona, mutum ne mai sauƙi, ya buɗe durowar uban ya ga fasfunan ma'aikata a ɗaure da roba. Ya kira Haladu ya ce masa haram ne a ce shekara takwas bai ga uwarsa ba, ya ɗauki wata uku, za a buga masa bizar fita da dawowa, tikiti ma a kansa. Abin da Haladu ya roƙa shekara takwas aka miƙo masa a tsaye a bakin rijiya. Ya yi godiya, ya ce a bari sai baɗi.

Da na ji, na rufe shago na hau mota har Al-Awali. Na same shi yana wasa lauje a inuwar katanga. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa wanda ya girme ni ba. Na ce masa idon tsohuwar ya riga ya rufe duka, Zenabu ta faɗa a kaset, me za ta gani kuma da yake gudu? Na ce muryarsa kawai take bukata, ya je ya zauna kusa da ita ya yi tari ma ya isa.

Ya ci gaba da wasa laujen. Can ya ce, "Makaho da hannu yake gani, Rilwanu. Za ta kama hannuna."

"Sai me?"

"Ta ga ɗanta ya huta. Shi ne abu na ƙarshe da ta gani da idonta. In na tahi na ƙwace mata shi, mi zan ba ta a madadi?"

Na ce zai ba ta ɗanta. Ya ce mutanen unguwa fa, da suka yi mata barka, su da idonsu garau, ranar da ya sauka daga mota ya za ta yi da su? Na ce mutanen unguwa su sha ruwa. Ya ce ni ɗan birni ne, ba zan gane ba. Ya ce bari ya ɗan yi jiki tukuna, ya fara cin abinci sosai, zuwa baɗi zai yi kyan gani. Ya kuwa gwada. Ya riƙa sayen madara da kaza, yana ci kamar magani. Mutumin da ke hawan bishiya arba'in a yini ba ya ƙiba. Baɗi ta zo, ɗan mai gona ya sake yi masa tayi, ya sake cewa a bari.

Inna Tasallah ta rasu da damina, a 1999. Saƙon ya biyo ta shagona, don lambata ce kawai suke da ita. Na je na ɗauko shi muka tafi kabina. Ya yi wa Zenabu gaisuwa, ta yi masa, suka yi addu'a. Ya tambaya ko ta sha wuya, ta ce kwana biyu kawai ta yi a kwance. Har zai ajiye, sai ya ce mata akwai abin da yake so ya sauke daga wuyansa, game da mutumin nan na talabijin.

Zenabu ta ce ya bari, ta sani. Ta ce karo na farko ita ma ta bi mata ta yarda, don tana so ya zama gaskiya. Amma ranar da ya fito da kansa, kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi, kamar Baba ne ya dawo duniya. Haladu ya jingina da bangon kabinar. Ya ce to alhamdu lillahi da abin ya tsaya a kanta, tsohuwa ba ta sani ba.

Ina tsaye a gefensa ina jin muryarta ta cikin wayar. Sannan Zenabu ta ce Inna ta riga ta ganewa. Ta ce tun ranar farko tsohuwar ta san mai ƙibar nan ba nata ba ne, amma uwa ba ta buɗe baki a kan ɗan fari a cikin taro, balle ta ce wannan ne, wancan ba shi ba ne. Ranar ta biyu kuma, da mata ke dariyar tsohon, ta tashi ta tafi gida, ta shiga ɗaki, ba ta ci abinci ba sai washegari. Ta kira Zenabu ta sa ta rantse ba za ta gaya masa an gane shi ba, ta ce kunya za ta kashe shi in ya san ta gan shi a haka. Ta ce a bar shi da mutuncinsa, in ya samu hutu zai zo da kansa. Daga nan ba ta sake taka gidan Alhaji Abdulsalam ba. Duk lokacin da alhazai suka dawo sai ta sa a share ɗakin zaure a shimfiɗa tabarma sabuwa.

"Ba ka samu hutun ba ne, Yaya?" in ji Zenabu.

Haladu ya riƙe wayar a kunne. Mai kabina ya ƙwanƙwasa gilashi, akwai mutane a layi.

"Na samu," ya ce. "Sau biyu."

Ya yi shekara biyar bayan nan, duk a gonar. Ɗan mai gona ya ci gaba da yi masa tayin hutu har ya gaji ya daina.